Hanyoyin Ba da Tazarar Haihuwa: Inganci, Lafiya da Tsada

Tazarar haihuwa ita ce hutun da mace ke samu tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24, domin yin kwanika yana raunana uwa, yana kuma sa a yaye yaro ba shiri. A Unguwar Sarki da sauran sassan Kaduna, ana samun hanyoyin tazara a asibitocin gwamnati da na kuɗi da kuma kemis.

Ana auna ingancin hanya da yawan matan da ke samun ciki cikin 100 a shekara guda. Ga masu ashanar hannu da robar mahaifa, adadin bai kai 1 ba. Na allura kusan 4 ne, ƙwayoyi 7, kwaroron roba 13, azalu kuma 20. Yawanci mantuwa ce ke kawo wannan bambanci. Ƙwaya sai an sha kullum, allurar Depo-Provera sai an koma duk wata 3, amma ashanar Implanon ƴar sanda ce da ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse, ta yi shekara 3, Jadelle kuma 5. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10.

Ta fuskar lafiya, kowace hanya da wadda ta dace da ita. Ƙwayoyi masu sinadari biyu ba su dace da mai hawan jini ba, ko mai shayar da jaririn da bai kai wata 6 ba. Allura da ashana sukan rikita jinin al'ada, kuma bayan daina allura ciki kan yi jinkirin wasu watanni. Robar mahaifa mai jan ƙarfe takan ƙara yawan jinin haila. Kwaroron roba ne kaɗai ke kare mutum daga ƙanjamau da cututtukan sanyi.

Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta mayar da kayan tazara kyauta a asibitocinta da na jihohi, kodayake akan nemi kuɗin safar hannu da auduga. A kemis, ƙwayoyi da kwaroron roba sun fi araha a saye ɗaya, sai dai sayensu ba ya ƙarewa. Idan aka raba kuɗin ashana ko robar mahaifa a kan shekarun aikinsu, su ne mafi sauƙi. Saboda haka ma'aurata kan fara da ganin ma'aikaciyar lafiya, ta auna jinin mace, ta ji tarihin haihuwarta, sannan su zaɓa.