Gaskiya ko Jita-jita: Jiri, Ƙarar Kunne da Kurumta

Wata asuba a bara gwaggona ta juya a kan gado za ta tashi alwala, sai ɗaki ya kama juyawa da ita. Ta riƙe ƙarfen gado tana salati. Bai kai minti ɗaya ba abin ya lafa, amma da ta sake ɗaga kai ya dawo, har ta yi amai. Kafin hantsi gida ya cika, kowa da nasa bayanin. Maƙwabciya ta ce hawan jini ne, ƙanen gwaggona ya ce taifot ce, wata dattijuwa kuma ta ce iska ce ta buge ta, a nemo malam. Wata uku aka yi ana fama. An ƙara mata ruwa, ta sha maganin taifot har sau biyu, ta koma sallah a zaune domin duk sa'ad da ta kai goshi ƙasa sai duniya ta kife mata.

Daga ƙarshe muka kai ta wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya zaunar da ita a kan gadon gwaji, ya karkata kanta gefe, ya kwantar da ita da sauri har kan ya ɗan leƙa ƙasa daga bakin gadon. Ta yi salati ta runtse ido. Ya ce, "Hajiya, daure ki buɗe, idon nake son gani." Na leƙa, na ga ƙwayar idonta tana fizga ita kaɗai. Sai ya shiga juya kanta sannu a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, yana dakatawa a kowane mataki, sannan ya mirgina ta a kan kafaɗa ya tashe ta zaune. Duka bai wuce minti goma ba. Bayan kwana biyu ta yi sallah a tsaye, da ruku'u da sujada. Da na je gaishe ta sai ta ce, "Ɗan nan, wai duk wannan wahala daga kunne take?"

Daga kunne take. Kuma tambayar tata ce ta sa ni bin diddigin abubuwan da muke faɗa a kan kunne, domin na lura cutar da muke firgita da ita sau da yawa tana da sauƙin magani, wadda muke rainawa kuwa ita ce ke tafiya da jin mutum ba dawowa.

"Jiri alamar hawan jini ne, ko taifot, ko iska"

Jiri kala biyu ne, amma kalma ɗaya muke ba su. Akwai wanda mutum zai miƙe tsaye ya ga duhu-duhu kamar zai faɗi. Wannan kam yana iya fitowa daga ƙarancin jini, ko ƙishirwa, ko yunwa, ko maganin hawan jinin da ya yi wa mutum ƙarfi. Akwai kuma hajijiya ta ainihi, wadda ɗaki ke juyawa kamar an ɗora mutum a kan faifai. Wannan ta biyu mafi yawanta daga can cikin kunne take fitowa.

Bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, akwai wani ɗan sashe da bai fi girman kan ɗan yatsa ba. Rabinsa naɗe yake kamar katantanwa, shi ne na ji. Ɗaya rabin ƙananan bututu ne guda uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu. Su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai a miƙe yake ko a karkace. A cikin jakunkunan akwai ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam, ido ba ya ganinsu. Wani lokaci saboda shekaru, ko buguwar kai, ko doguwar jinya a kwance, wasunsu sukan ɓalle su faɗa cikin ɗaya daga bututun. Da zarar mutum ya juya a gado ko ya sunkuya, sai su gangara su motsa ruwan, kunne ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙarya cewa ana juyawa. Wannan ita ce cutar gwaggona, kuma ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke jawo hajijiya.

Ba mu kaɗai muka daɗe muna ɗora laifin a wani wuri ba. Likitocin Turai ma sun ɗauka jini ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa, har sai a 1861 da wani likitan Faransa, Prosper Ménière, wanda ke aiki a makarantar kurame ta birnin Paris, ya tsaya gaban takwarorinsa ya ce asalin matsalar a kunne take. Gwajin da aka yi wa gwaggona, likitoci biyu ne a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana shi a 1952. Juyin kan da ya warkar da ita kuwa wani likitan Amurka ne, John Epley, ya wallafa shi a 1992. Ba tsafi a ciki, gangaro da tsakuwoyin ake yi daga bututun a mayar da su mazauninsu. Kusan takwas cikin goma na masu wannan larura suna samun sauƙi a zama ɗaya ko biyu, ko da yake takan dawo wa wasu, a sake yi. Ƙwayoyin jiri irin su Stugeron suna kwantar da tashin zuciya na ɗan lokaci, amma ba sa mayar da tsakuwa ko ɗaya, kuma shan su wata da watanni yana hana ƙwaƙwalwa saurin daidaita kanta.

Addu'a ba ta hana neman magani, kuma ban ce a bar ta ba. Amma mutumin da hajijiyarsa ke zuwa duk lokacin da ya juya kai, ta tafi kafin minti ɗaya, likitan kunne yake buƙata. Idan kuwa tana ɗaukar sa'o'i, tare da toshewar kunne da ƙara da raguwar ji, ana iya zargin cutar da aka sa wa sunan Ménière, wadda ake sarrafawa da rage gishiri da magunguna.

Akwai wurin da maƙwabciyar gwaggona take da 'yar gaskiya, kuma ba na so a raina shi. Jirin da ya zo tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko ganin abu biyu-biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko mutum ya kasa tsayuwa sam, yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. Wannan ba a kwana da shi a gida.

"Ƙarar inji ai sabo ake yi da ita"

Nan ne raina ya fi ɓaci. A unguwarmu akwai mai injin niƙa da na sani tun ina yaro. Yanzu sai ka matso ka ɗaga murya kafin ya amsa gaisuwa, idan ka yi masa maganar sai ya yi murmushi ya ce ya saba. Abin da yake kira sabo, mutuwar kunne ce. A cikin katantanwar nan akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi-gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da sauti saƙon da jijiya za ta ɗauka. Da su aka haife mu, kuma idan sun mutu jikin ɗan Adam ba ya yin wasu. A 1988 masana suka tabbatar cewa tsuntsaye suna sake tsirar da nasu, kuma tun daga lokacin ake neman yadda za a sa kunnen mutum ya yi haka, har yau ba a kai ga maganin da ya shiga asibiti ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta kai desibel 80 ana iya jure ta har sa'o'i 40 a mako, daga nan kuma duk ɗan ƙarin ƙarfi yana rage lokacin ƙwarai. Ma'auni mai sauƙi shi ne, idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, wurin yana cin kunne. Injin niƙa, janareto a bakin shago, zarton katako, lasifikar biki da ake ajiye yara a gabanta, da abin sauraren da matasa ke toshe kunne da shi har barci, duk hanya ɗaya suke bi. Hukumar ta ƙiyasta matasa fiye da biliyan 1 ne ke cikin haɗari ta wannan fuska. Shi kuma kukan da kunne ke yi bayan an taso daga biki, wanda wasu ke cewa ana ambaton mutum ne a wani wuri, ƙwayoyin nan ne suka jigata. Robar toshe kunne ba ta da tsada.

"Allura ta fi ƙwaya aiki"

Wannan imani ya kurmantar da mutane. Akwai magunguna masu amfani ƙwarai da ke iya lalata kunnen ciki idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Allurar jentamaisin da 'yan uwanta, irin su sitireftomaisin da kanamaisin da amikasin, suna cikinsu, kuma ɓarnarsu galibi ba ta gyaruwa. Jentamaisin ma takan fi taɓa sashen daidaito, mutum ya tashi daga jinya yana tangaɗi. Saboda irin wannan illa da ƙarancin amfaninta ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawarar amfani da kanamaisin wajen maganin tarin tibi mai bijire wa magani. Kwinin ma yana sa kunne ƙara da toshewa, sai dai wannan yakan wuce idan an gama sha. A asibiti ana auna nauyin mara lafiya a duba ƙodarsa kafin a ba shi irin waɗannan allurai. A shagon kemis ba a yin haka.

"Yaron bai fara magana ba ne kawai, gadon gidansu ne"

Wani lokaci haka ne. Amma yawancin waɗanda muke kira bebaye harshensu lafiya lau yake, ji ne ba su yi ba, shi ya sa ba su koyi magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. A ƙasarmu hanyoyinta sanannu ne: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, da ruwan kunnen da ake ɗiga wa man ja ko ruwan albasa shekara da shekaru. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 a Arewa sun san yaran da suka tashi daga ciwon ba sa ji. Zazzaɓin Lassa ma, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, yana barin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira da matsalar ji. Allurar rigakafi da ake gudu a wasu gidaje, kariyar kunne ce.

Gado kuwa gaskiya ne yana da hannu, kuma auren zumunci da ake maimaitawa a dangi ɗaya yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin ƙwayar gadon da ke kawo kurumta. Ta wannan gefen ne bincike ya kawo labari mai daɗi. A farkon 2024 likitocin jami'ar Fudan da ke Shanghai a ƙasar Sin suka ba da rahoton yara shida da aka haifa kurame saboda lahani a ƙwayar gado guda ɗaya mai suna OTOF. An zuba musu lafiyayyar ƙwayar a cikin kunne, biyar suka fara ji. Sai dai wannan nau'in kaɗan ne cikin kurumtar gado, bai shafi wanda ƙara ko sanƙarau ko allura ta lalata wa kunne ba. Abin da ke hannu yau shi ne gwajin jin jariri, wanda ake yi cikin 'yan mintuna yana barci, da na'urar ƙara ji, da dashen na'ura a cikin kunne ga wanda ya dace, da maganar hannu, wadda harshe ne cikakke da kuramen ƙasar Hausa suka daɗe suna amfani da shi. Na'urar ƙara ji da aka saita wa mutum daidai kunnensa ba ta ƙarasa kashe ji kamar yadda ake yaɗawa.

"Kunne ne ya toshe, zai buɗe da kansa"

Sau da yawa dattin kunne ne, wanda tsinken ashana da gashin kaza da audugar goge kunne ke ƙara turawa ciki, har su kan huda dodon kunne. Amma wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ba ciwo ba ruwa, yana iya zama kunnen ciki ne ya tsaya. Wannan larura ce ta gaggawa, domin maganin da likita zai bayar ya fi aiki a cikin mako biyun farko, bayan nan damar tana raguwa sosai.

Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana Kaduna tun 1999, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Mai karatu, idan kana da jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa, ko yaron da ya shekara bai juyo idan an kira sunansa, ko dattijon da ya koma sallah a zaune saboda jiri, ka kai shi a duba kunnensa cikin wannan makon.