Sarƙar Ɗaga Kaya: Yadda Take Aiki da Ƙa'idojin Tsare Rai Wajen Amfani da Ita

Gabatarwa

Ƙasar Gaya tsohuwar ƙasar maƙera ce. Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, watau maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen Dala, daga Gaya suka taso neman tama. Ke nan ƙarfe ba baƙo ba ne ga mutanen wannan yanki. Sai dai ƙarfen da ke hannunsu a yau ya fi na kakanninsu nauyi nesa ba kusa ba. Akwai injin babbar mota a garejojin da ke bakin titin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil da Gaya ya nufi Dutse, akwai injin niƙa da janareta a cikin gari, akwai kuma bututun rijiyar burtsatse a ƙauyukan Ajingi. Duk waɗannan sukan bukaci a ɗaga su in za a gyara, kuma abin da aka fi ɗaga su da shi shi ne na'urar nan da makanikai suke kira cenbulok, wadda za a kira sarƙar ɗaga kaya a wannan bayani.

Wannan na'ura tana ba mutum guda ƙarfin mutum ashirin, amma tana ɓoye masa nauyin abin da ya ɗaga. Mai ɗaukar buhu a ka, wuyansa yakan gaya masa in kaya sun yi yawa. Mai jan sarƙa kuwa hannunsa ba ya gaya masa kome sai abu ya ɓaci. Daga nan ne yawancin haɗurran wannan aiki suke tasowa.

Asalinta da Yadda Take Aiki

Hikimar rataya igiya a kan kura don sauƙaƙa jan guga tsohuwa ce. Amma irin kurar da ke aiki da sarƙa, wadda take riƙe kaya da kanta ko an saki hannu, wani Bature ne mai suna Thomas Weston ya ƙago ta a Ingila a shekarar 1854, kamfanin Tangye na birnin Birmingham kuma ya shiga ƙera ta. Wadda ake sayarwa yanzu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ta ɗara waccan, domin tana da giya a cikinta.

Sarƙa biyu gare ta. Akwai siririya wadda ake ja da hannu, akwai kuma mai kauri wadda take ɗauke da ƙugiyar ƙasa, ita ce ke ɗaukar kaya. In an ja siririyar, sai ta juya wasu ƙafafu masu haƙora, su kuma su juya kurar da babbar sarƙa take bi ta kanta. Mutum yakan ja mita talatin ko fiye na siririyar sarƙa kafin kayan tan ɗaya su tashi mita guda. Watau abin da aka rage masa na ƙarfi an ƙara masa shi a tsawon ja. A tsakanin sassan nan akwai birki mai faifai da ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa cikin haƙora, shi ne mai ƙarar nan ta ƙas-ƙas yayin ɗagawa. Nauyin kayan da kansa ne yake matse birkin. Ranar da aka ja sarƙa ba a ji wannan ƙara ba, to a sauke kaya a bincika.

Sanin Nauyi Kafin Ɗagawa

Kowace sarƙar ɗaga kaya ta kirki tana da ɗan allon ƙarfe a jikinta da aka buga iyakar abin da za ta ɗauka: rabin tan, tan 1, tan 2, tan 3, tan 5, har zuwa sama. Wadda ba ta da wannan allo, ko ya goge, ba ta cancanci aiki ba. Sa'an nan wajibi ne a san nauyin kayan su kansu. Tan ɗaya kilo 1,000 ne, daidai da buhun siminti 20 masu kilo 50. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 1,000 in yana cike ya kai tan guda, ban da nauyin tankin. Injuna da janareta galibi an rubuta nauyinsu a jikinsu ko a littafinsu.

Akwai kuma ma'aunin da ba ya bukatar karatu. An ƙera na'urar ne yadda mutum ɗaya zai ɗaga cikakken kayanta da jan da bai wuce wajen kilo 30 ba. In har sai mutum biyu sun haɗu a kan siririyar sarƙa, ko kuwa sai mai ja ya rataya jikinsa duka, to ɗayan biyu ne: ko kaya sun fi ƙarfinta, ko sun maƙale a wani abu. Sau da yawa makaniki yakan manta noti guda bai kwance ba, ya yi ta jan inji, alhali gaban motar duka yake ɗagawa. Haka bututun burtsatse da yashi ya riƙe, nauyin fizgo shi ya ninka nauyinsa na ainihi.

Maratayi

Yawancin mutane hankalinsu yana kan sarƙa, sun manta abin da aka rataye ta a kai. A garejoji da yawa reshen darbejiya ne maratayi. Reshe kuwa ba shi da allon nauyi, kuma gara ko ruɓa tana iya cinye cikinsa alhali bayansa lafiya lau. Haka azarar ɗaki ko ƙarfen rufin rumfa, an sa su ne don su riƙe rufi kaɗai. Duk abin da za a rataya na'urar a kai dole ya iya ɗaukar kayan da na'urar baki ɗaya, har da rara.

Abin da ya fi dacewa shi ne maratayi na ƙarfe mai ƙafa uku, ko mai ƙafa huɗu da gungumen ƙarfe a gicciye. A ƙasa mai yashi irin ta jigawar wannan yanki, da kuma bakin rijiya inda ƙasa take jiƙe, ƙafa ɗaya tana iya nutsewa maratayin ya kife. Maganin wannan shi ne a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa, a kuma ɗaure ƙafafun da juna daga ƙasa don kada su tale. Ƙugiya kuma ta tsaya daidai saman tsakiyar kayan. Ja a karkace yakan sa kaya su yi lilo da zarar sun bar ƙasa, su make duk wanda ke tsaye kusa.

Ɗaurin Kaya

Ba a nannaɗa babbar sarƙar a jikin kaya a maƙala ƙugiya a kanta, domin lanƙwasa ta a kan kusurwa yana raunana zobbanta. Da wata sarƙa ko majanyin ɗauri na musamman ake ɗaure kaya, sa'an nan a sa shi a cikin ƙugiya sosai, ya zauna a gindinta. Bakin ƙugiya ba ya ɗaukar nauyi. Ɗan marufin da ke rufe bakin kuma kada a cire shi don wai yana ɓata lokaci.

Abin lura a nan shi ne buɗewar ɗaurin. In an ɗaure kayan tan ɗaya da reshen sarƙa biyu suna tsaye kusa da juna, kowane reshe yana ɗauke da wajen rabin tan. In suka buɗe har digiri 90 a tsakaninsu, kowane yana ɗauke da kilo 700 da 'yan kai. In suka kai digiri 120, kowane reshe yana ɗauke da tan ɗaya cur. Ke nan gajeren ɗauri da aka baje shi ya fi dogo haɗari, ko da yake ido ba ya ganin bambancin.

Dubawa da Kulawa

Kafin a fara aiki, a bi babbar sarƙa zobe-zobe, a nemi tsatsa mai zurfi, da tsagewa, da murɗewa, da zoben da ya miƙe. Zoben da ya cinye kashi ɗaya cikin goma na kaurinsa ya gama aiki. An ƙera ƙugiya ne yadda za ta fara buɗe baki kafin ta karye, saboda haka buɗaɗɗiyar ƙugiya shaida ce cewa an taɓa ɗora wa na'urar abin da ya fi ƙarfinta.

A nan ne gwanintar ƙira take iya zama tarko. Sarƙar ɗaukar kaya an yi ta da ƙarfe na musamman da aka gasa aka kuma sanyaya bisa wani ma'auni a masana'anta. Wuta tana warware wannan ƙarfi. Saboda haka zoben da aka yi wa walda, ko ƙugiyar da aka sa a maƙera aka doke ta ta koma daidai, sun fi kyau a ido amma sun rasa amana. Haka nan haɗa tsinkakkiyar sarƙa da noti ko waya. Abin da ya lalace sauya shi ake yi.

Ƙurar hunturu da raɓar damina duk abokan gaba ne. A riƙa shafa wa babbar sarƙa mai, a rataye na'urar a inuwa bayan aiki. Amma mai ko giris kada ya taɓa faifan birki, domin birki mai santsi sakin kaya yake yi.

Lokacin Ɗagawa

A fara ɗaga kaya kamar tsawon yatsa, a tsaya. A duba ko birki ya riƙe, ko ɗauri ya zauna, ko maratayi ya motsa. Sa'an nan a ci gaba a hankali, ba fizga. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin kaya, ko ya sa hannu tsakaninsu da bango. Da igiya ake juya su daga nesa. In za a yi aiki a jikin inji, a sauke shi a kan gungume tukuna. Ba a barin kaya a rataye a tafi cin abinci, musamman inda yara suke kai da kawowa. Kuma ba a zura mutum rijiya da wannan na'ura, domin ba a yi ta don ɗaukar rai ba.

Alhakin Hukuma

Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta a riƙa yi wa sarƙoƙi da igiyoyi da ƙugiyoyin ɗaga kaya cikakken bincike aƙalla sau ɗaya cikin kowane wata shida, a kuma ajiye rajistarsu. Jami'an duba masana'antu ba za su iya kai wa ga kowane gareji na gindin bishiya ba. Amma ma'aikatan sashen ayyuka da na ruwa a ƙananan hukumomi suna iya farawa da nasu kayan: su sayi mai allon nauyi, su ba kowace lamba, su rubuta ranar da aka duba ta, su kuma sa wannan sharaɗi ga 'yan kwangilar da ke gyaran burtsatse. Ƙungiyoyin makanikai ma suna da faɗa a ji ga iyayen gida, waɗanda yaransu masu koyon aiki ne aka fi turawa ƙarƙashin inji.

Kammalawa

In kaya suka faɗo akan ce tsautsayi ne. Amma in aka bi diddigi, galibi akan tarar da reshen da ba a gwada ba, ko zoben da aka yi wa walda, ko nauyin da ba a tambaya ba. Duk waɗannan ana iya gano su cikin minti biyar kafin a taɓa sarƙa. In kuwa an duba an ga shakka, to Hausawa sun riga sun yanke hukunci: da muguwar rawa gara ƙin tashi.