Bankin kuɗi da gaɓar kogi: mene ne haɗinsu?

Mai bin labaran duniya da Turanci ya sha jin West Bank, yankin Falasɗinawa da gidajen rediyonmu ke kira Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Wannan bank ɗin ko sisin kwabo babu a cikinsa. Kalmar ma'ana biyu gare ta: gidan ajiyar kuɗi, da kuma gaɓar kogi. A kan haka wasu suka gina labari, wai 'yan canjin farko a bakin ruwa suke zama suna jiran fatake, shi ya sa sunan wurin ya bi sana'ar. Labarin yana da daɗin ji, amma ba haka aka yi ba.

Bank mai nufin gaɓa ya riga shiga Turanci, wajen shekarar 1200, daga harshen mutanen Arewacin Turai da suka mamaye sassan Ingila. Na kuɗi kuwa sai a ƙarshen ƙarni na 15 ya iso, daga kalmar Italiyanci banca, wato benci. A biranen Italiya irin su Fulorans da Benis, ɗan canji yakan kafa bencinsa a kasuwa, ya jera tsabar zinariya da azurfa na ƙasashe daban-daban, ga ma'auni a gefe, ga littafin bashi. Sunan katakon nan ne ya zama sunan sana'ar, har aka kai ga manyan gidaje irin bankin Medici da aka kafa a 1397.

Sai dai masu cewa kalmomin 'yan'uwa ne ba su yi ƙarya ba. Su biyun, har da kalmar benci da muka aro, tushensu ɗaya ne a tsohon harshen da ya haifi Jamusanci da Turanci, hanya ce kawai kowace ta bi daban.

Akwai kuma batun bankrupt, daga banca rotta, karyayyen benci. Ana cewa wai idan ɗan canji ya kasa biyan mutane, sai a farfasa bencinsa a bainar jama'a. Asalin kalmar gaskiya ne, amma farfasa katakon ya fi kama da ƙarin gishiri, domin Italiyawa na amfani da rotta ga wanda jarinsa ya rushe. Mu ma mukan ce ɗan kasuwa ya karye, alhali ƙashinsa lafiya lau.

Saboda haka in wani ya sake kawo maka labarin bakin ruwa, ka gaya masa daga benci aka samo sunan.