Murjanin Maya Ya Samu Hutu

'Yan'uwa, mu a wuyan amare muka san murjani, amma a teku halitta ce mai rai, gidan kifaye. A gaɓar Maya ta ƙasar Tailan, bayan fim ɗin The Beach na 2000, dubban baƙi suka riƙa zuwa kullum, jiragen ruwa na jefa anka, masu iyo na tattake murjanin. Ina riƙon amanar da Ubangiji ya ba Adamu? Ga kuma ɗumin teku, kamar na 2010: murjani kan fitar da gansakukar da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. A 2018 hukuma ta rufe Maya. A 2022 aka buɗe, amma aka hana iyo.