Hanyoyin Burji da Masu Keke a Ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Bayani domin Hakimai da Malamansu

Manyan hanyoyi na kwalta a kudu maso yammacin Jihar Katsina kaɗan ne, kowa ya san su: akwai wadda ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Sheme da 'Yankara zuwa Gusau, da wadda ta haɗa Ƙanƙara da Sheme, da wadda ta bi ta Ɗandume ta nufi Birnin Gwari. Amma galibin talakawan Sarkin Pauwa na Ƙanƙara, da na Sarkin Yamma na Faskari, da na Kogo na Sabuwa, ba a bakin kwalta su ke zaune ba. Kafin su kai gare ta sai sun bi hanyar burji, ko burtali, ko turba. A nan ne keke ya ke da daraja, domin ba ya shan mai, gyaransa ba tsada, kuma ya kan shiga inda mota ba ta iya shiga. Ɗan makaranta, da malamin asibiti, da manomi mai kai buhun masara kasuwa, duk sun dogara gare shi.

Saboda haka keke ma'auni ne mai kyau na lafiyar hanya. Hanyar da mai keke zai bi da kaya, rani da damina, ba tare da ya sauka ya tura ba, to, hanya ce. Wadda kuwa ta gagare shi, lalle ta kusa gagarar kowa.

Yanayin Ƙasa

Wannan yanki tudu ne mai duwatsu, inda ruwa ya ke rabuwa biyu. Gulbin Sakkwato ya samo tushe kusa da Funtuwa, ya ratsa ƙasar Faskari, ya nufi Gusau. Ruwan da ya gangara kudu kuwa, wajen Sabuwa, ya kan bi rafuka zuwa kogunan da su ke zuba cikin Kogin Kaduna. A nan a ke samun ruwan sama fiye da ko'ina cikin jihar, wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Shi ya sa ƙasar ta shahara da masara da dawa da auduga tun zamanin Turawa, sa'ad da aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, aka kuma ja hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta Funtuwa, har ta isa Ƙauran Namoda a 1929.

Sai dai ruwan da ya ke raya gona shi ne ya ke kashe hanya. Mai keke da ya fito daga ƙauye zai tarar da ƙasa iri uku cikin tafiya guda. Bisa tudu akwai marmara da fako, wuri mai tauri, mai daɗin tafiya. A gangaren dutse akwai tsakuwa mai santsi da kwazazzabai waɗanda ruwa ya haƙa. A fadama kuwa akwai laka, wadda ta ke zama taɓo da damina, ta tsattsage da rani. Kowane ɗaya da irin gyaran da ya ke bukata.

Yadda Hanyar Burji ta ke Lalacewa

Masanan aikin hanya sun haɗu bisa magana guda, watau babban abokin gaban burji shi ne ruwan da ya kwanta. Domin haka a ke gina hanya da doro a tsakiya, ta gangara dama da hagu, misalin taki ɗaya na sauka cikin kowane taki 20 na faɗi. A kowane gefe a kan haƙa lambatu, sa'an nan a tsaga ƙananan magudanai daga jikinsa domin su kai ruwa daji tun bai taru ya yi ƙarfi ba. A gangaren dutse a kan jera duwatsu cikin lambatu nan da can, su rage gudun ruwa.

Idan lambatu ya cika da yashi da ciyawa, ko wani manomi ya toshe magudana domin kada ruwa ya shiga gonarsa, sai ruwa ya hau hanya. Da fari zai bi sawun taya ya yi 'yar tsaga. Kafin damina ta fita tsagar ta zama rami, shekara ta zagayo ta zama kwazazzabo. Abin da mutum biyu za su gyara da fartanya cikin yini guda a watan Mayu, sai ya zama aikin injiniya da motar haƙa bayan shekara biyu. Gaskiyar Hausawa da su ka ce rigakafi ya fi magani.

Da rani kuma wata cuta ce ta ke kama hanya, watau gargada. Gudun motoci bisa busasshen burji shi ke tara tsakuwa layi-layi, har hanya ta zama kamar kunyoyin gona. Gargada ta kan kwance ƙusoshin keke, ta lanƙwasa gargare. Maganinta shi ne a kankare hanya sa'ad da ƙasa ta ke da danshi, a mai da tsakuwar da ta watse zuwa tsakiya, a daddaɓe.

Mashigin Ruwa

Inda hanya ta ƙetare rafi, nan ne rai ya ke shiga haɗari. Rafukan da su ke saukowa daga duwatsu su kan cika farat ɗaya bayan ruwan sama, ko da ba a yi ruwan a wurin ba. Ruwan da ya kai gwiwa in yana gudu ya isa ya ka da babban mutum, balle yaro mai riƙe da keke. Ya kamata dagatai su riƙa yi wa jama'a gargaɗi su dakata har ruwa ya janye, a kuma kafa sanda mai alama a kowane mashigi domin a ga zurfinsa tun daga gaɓa. Inda babu kuɗin gada, shimfiɗar dutse da siminti a ƙasan rafi ta kan wadatar. Kwalbati kuwa tilas a yashe ta kafin ruwan fari, gama kwalbatin da ta toshe ta fi babu muni: ruwa zai taru bayanta har ya yanke hanya.

Maganar Tsaro

Ba ruwa kaɗai ya raba mutanen wannan yanki da hanyoyinsu ba. Ran 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga su ka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a Ƙanƙara, su ka tafi da ɗalibai fiye da 300, aka sako su bayan kwana shida. A 2021 Gwamnatin Jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme na wani lokaci, aka kuma katse wayar salula a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. A 2023 aka kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa domin taimakon soja da 'yan sanda.

Abin lura shi ne, tsoro da lalacewar hanya juna su ke ciyarwa. Hanyar da aka daina bi saboda tsoro, ciyawa ta kan rufe ta, ba mai yashe lambatunta. In ta lalace kuwa, ranar da aka kai wa ƙauye hari, masu kawo ɗauki ba su iya isa da wuri. Saboda haka gyaran hanya yanki ne na aikin tsaro. Amma kada a tara mutane aikin gayya, ko a tura Malami zagaye, sai an shawarci jami'an tsaro. Matafiya kuma su fita da rana, cikin ayari, su tambayi labarin hanya wurin mai unguwa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Abin da a ke yi a Wasu Ƙasashe

Irin hanyar nan da a ke rainawa, a wasu ƙasashe nemanta a ke yi. Tun 2006 a ke yin tseren keke na mil 200 bisa hanyoyin tsakuwa a garin Emporia, cikin Jihar Kansas ta Amurka, yanzu kuwa dubban mutane su ke hallara, 'yan gari su na cin kasuwa. A 2021 aka fara irinsa a ƙasar Masai ta Kenya, a 2022 kuma aka yi gasar duniya ta farko a Italiya. Kekunan da su ke hawa su na da giya da yawa domin hawan tudu, faɗin tayarsu kuwa wajen milimita 40 ne, watau daidai da tayar tsohon keken Raleigh ko Phoenix da ya ke jingine a zauren kowane dagaci. Duwatsu da bakin rafi irin na Faskari su ne abin da masu wannan wasa su ke so. Amma baƙo ba ya zuwa inda ɗan gida ya ke tsoro. Aikin farko shi ne talaka ya isa kasuwa ya komo lafiya.

Abin da a ke Bukata daga Ofishin Hakimi

Tun gyaran mulki na 1976, hanyoyin ƙauye su na hannun ƙananan hukumomi, ba hannun En'e ba kamar dā. Jihar Katsina kuma tana cikin jihohin da su ka shiga shirin hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020. Amma mai raba kuɗi ba ya ganin ramin da ba a rubuta ba. Hakimi shi ya fi kowa sanin ƙasarsa, don haka ya kyautu Malaminsa ya buɗe littafin hanyoyi, ya rubuta waɗannan:

1. Sunan kowace hanya, da ƙauyukan da ta haɗa, da tsawonta.
2. Kasuwa, ko makaranta, ko asibitin da ta ke kaiwa.
3. Kowane mashigi da kwalbati, da halin da su ke ciki.
4. Wuraren da mai keke ya ke sauka ya tura, da dalili: yashi, ko taɓo, ko kwazazzabo.
5. Watannin da hanyar ta ke yankewa.
6. Inda a ke samun burji kusa, da mai gonar.

Masu faci na bakin kasuwa da 'yan makaranta su ne su ka fi sanin waɗannan wurare, ya kamata a tambaye su. A sabunta littafin sau biyu a shekara, cikin Afrilu kafin ruwa ya sauka, da cikin Nuwamba bayan ya ɗauke, a aika da kwafi ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da Majalisar Sarkin Katsina.

Bayan wannan, kowane dagaci ya raba hanyar ƙasarsa kashi-kashi tsakanin masu unguwanni, kowa ya san iyakar lambatun da ya ke wuyansa. Wanda ya toshe magudana ko ya ci burtali da noma, a kira shi a yi masa nasiha. In ya ƙi ji, a kai maganar gaban Hakimi. Gundumar da ta kiyaye wannan, za ta shiga damina da hanyoyinta a buɗe, ta fita da su a buɗe, da yardar Allah.