Gwajin maganin ƙwari a jikin ɗan Adam: ina manoman Gabi suka tsaya?

Maganin da likita ke bayarwa ana gwada shi a kan mutum ne da fatan ya warke. Maganin ƙwari kuwa guba ne, wanda aka gwada shi a kansa ba ya ƙaruwa da komai. To, me ke sa kamfanoni yin gwajin?

Amsar ita ce kasuwa. Idan a kan ɓera kaɗai aka yi gwaji, hukumomi kan rage adadin gubar da aka halatta har sau goma don kare mutane. Da sakamakon gwajin mutum, kamfani na iya neman a sassauta masa. A 1976, kamfanin Ciba-Geigy ya fesa wa yara shida maganin Galecron a Masar, sannan aka auna fitsarinsu. A Amurka sai a 2006 hukumar kare muhalli ta hana ba yara da masu juna biyu irin wannan guba da gangan.

Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 ta shimfiɗa sharaɗi: sai mutum ya fahimci haɗari, ya yarda da kansa. Ƙasar Hausa ta ɗanɗani zafin wannan batu a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da Pfizer ya gwada Trovan a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta kan dala miliyan 75.

A Gabi da ke gundumar Madarunfa, dab da iyakar Najeriya, matsalar ta ɗauki wata siffa. Doka ta ce sai maganin da kwamitin CSP na ƙungiyar CILSS ya amince da shi za a sayar a Nijar. Amma kasuwannin iyaka ba sa rasa fiya-fiya da ruwan feshi da aka ɗura a kwalba ba takarda. Matashin da ya goya famfo babu safar hannu babu takunkumi, jikinsa ne wurin gwaji, kuma ba wanda ya nemi yardarsa ko yake rubuta sakamako.

Kafin ka saya, duba lambar amincewar CSP a jikin kwalba, ka tambayi malamin gona. Wanda ya ji jiri, amai ko dalalar miyau bayan feshi, a gaggauta kai shi likita tare da kwalbar.