Gargaɗi ga iyaye a Nima da Maamobi: a raba jarirai da kwalli

Iyayenmu mata, kakanni da ungozomomi na Nima, Maamobi da sauran zangunan Akra, don girman Allah a daina rambaɗa wa jarirai kwalli, daga yau.

Mafi yawan kwallin dutse mai sheƙi da ake niƙawa a zuba a tandu, wanda ake kira chilo a nan Gana, dalma ce a cikinsa. An yi wa jariri wanka, an shafa masa hoda, kaka ta zizara masa kwalli don ido ya fito. Ya yi kuka, ya murza ido, ya kai hannu baki. Shi ke nan guba ta shiga jini, ta nufi ƙwaƙwalwar da ake kan ginawa. Jikin yaro na zuƙar dalma ninki 4 zuwa 5 na babba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce komai ƙanƙantarta tana cutarwa.

Mai juna biyu ma ta ajiye tandu. Dalma na kwanciya a ƙashi shekaru, in ciki ya samu sai ta sake fitowa, ta ratsa mabiyiya ta iske ɗan tayi.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ta cika nuna alama ba. Yaro zai yi jinkirin magana. A makarantar allo ya kasa riƙe hadda, a boko hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya balaga da saurin fushi, a ce taurin kai ne, a yi ta zane shi da bulala, alhali tun yana goye aka cuce shi. Ɓarnar da ta riga ta auku a ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa.

A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga sarrafa zinare ta kashe yara sama da 400. A 2020 UNICEF ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara uku a duniya na da ita a jini fiye da ƙima.

Masu sana'ar bola da fasa batirin mota, ku ma kuna iya kwaso dalma a jikinku: ku canza tufafi, ku yi wanka kafin ku ɗauki yaro. Limamai su faɗi wannan gargaɗi a huɗubar Juma'a. Uwar da ta saba sa wa ɗanta kwalli ta gaya wa nas ranar awo a asibitin Maamobi, ta nemi a gwada jininsa.